Ado da Igiyar Aure: Hoton Mace 'Yar Gayu Mai Hulɗa da Manya a Adabin Hausa

1.0 Gabatarwa

A cikin watan Maris na shekarar 1990 Yarima Charles na Ingila da matarsa ta wancan lokaci, Gimbiya Diana, suka kawo ziyara Nijeriya, kuma Maiduguri tana cikin garuruwan da suka sauka. An yi musu hawan daba a zamanin Shehun Borno Mustafa Umar El-Kanemi, aka kuma karɓe su a katafaren gidan nan na attajiri Alhaji Mai Deribe, wanda ya yi suna wajen saukar manyan baƙi. A cikin wannan ziyara ce Gimbiyar ta fita bayan gari zuwa asibitin kutare na Molai, maƙwabcin ƙauyen Umarari, inda ta gaisa da majinyata hannu da hannu. Bayan shekara shida, wato a 1996, aurenta ya mutu. A ranar 31 ga Agusta, 1997 ta rasu a haɗarin mota a birnin Paris tare da Dodi Fayed, ɗan wani attajiri mutumin Masar, jim kaɗan bayan sun baro otal ɗin Ritz.

An kawo wannan labari ne domin ya zama ma'auni. Ga mace wadda duniya ta san ta da ado da ƙwalisa, abokan hulɗarta sarakuna ne da attajirai da mawaƙa, ta kuma taka ƙasar Borno. Da a ce za a miƙa wa marubucin Hausa wannan rayuwa a ce ya ƙaga labari a kanta, wane suna zai kira tauraruwar da shi, kuma yaya zai rufe labarin? Manufar wannan takarda ita ce bin sawun irin wannan mace a cikin waƙar baka da rubutacciyar waƙa da wasan kwaikwayo da ƙagaggen labari. Abin da takardar za ta yi ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, adabin Hausa bai ɗauki ado da jin daɗi a matsayin laifi ba, abin da yake tuhuma shi ne adon da ba a ga igiyar aure a bayansa ba. Saboda haka ya raba wannan mace gida biyu, ya yabi rabi, ya tsine wa rabi, manyan mutanen da take rayuwa a cikinsu kuwa ya kau da ido daga kansu.

2.0 Matsalar Suna

Matsala ta farko da manazarci zai ci karo da ita ita ce ta suna. Hausa tana da kalmomi masu yawa da suka kewaye wannan mace, amma kowace kalma da hukuncinta take tafe. Idan aka ce 'yar gayu ko 'yar ƙwalisa, an taɓo tufafi da tafiya da iya magana, ba a ce komai game da matsayinta ba. Idan aka ce Hajiya, ko uwar biki, ko uwar ɗaki, an ba ta girma, an kuma ɗauka cewa dukiyarta tana da tushe sananne. Idan aka ce bazawara, an ajiye ta a kan siraɗi tsakanin aure da aure, jama'a suna jiran su ga inda za ta faɗa. Daga nan sai kalmomin da suke gangarawa: mai zaman kanta, 'yar duniya, kilaki, karuwa. Ita kalmar kilaki an aro ta ne daga kalmar Ingilishi mai nufin akawu, wanda ke nuna cewa tun zamanin Turawa aka samu rukunin mata masu hulɗa da ma'aikata da masu albashi, waɗanda shigarsu da mu'amalarsu suka bambanta da na matan gidan magajiya.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan sunaye a kan ma'aunin aure aka jera su. Ba yawan zinariya ko tsadar leshi ke sa mace ta tashi daga wannan suna ta koma wancan ba. Binciken masana zamantakewa ya tabbatar da haka. Cohen (1969) a Sabon Ibadan da Pittin (1983) a birnin Katsina sun nuna cewa mace ɗaya takan ratsa waɗannan matsayi a tsawon rayuwarta, ta yi aure, ta fito, ta zauna da kanta, ta sake yin aure, jama'a kuma su karɓe ta. Haka kuma a cikin littafin Baba of Karo (1954), wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa Bahausa, an ga yadda zaman ƙawaye da musayar gudummawar biki suke gina wa mace jama'a da suna, ko da tana cikin kulle. A Borno ma Ronald Cohen (1971) ya yi bayanin yawan mutuwar aure a tsakanin Barebari, da irin 'yancin da macen da ta fito daga aure take samu kafin ta sake wani. Ke nan a rayuwa ta zahiri iyakokin nan suna da ƙofofi, ana shiga ana fita. A cikin adabi ne aka toshe ƙofofin, aka mayar da kowane suna ya zama hali na dindindin.

3.0 Waƙar Baka: Mace a Matsayin Uwar Ɗaki

Inda wannan mace ta fi samun sarari a adabin Hausa shi ne bakin makaɗi. Dalilin haka a fili yake. Tun a 1957 M. G. Smith ya nuna cewa roƙo ciniki ne, maroƙi yana sayar da suna, wanda aka wasa yana biya da kyauta. Duk wanda yake da abin bayarwa, yana kuma son a san shi, ya cancanci waƙa, namiji ne ko mace. Alhaji Mamman Shata (ya rasu a 1999), wanda Abdulƙadir (1975) ya yi nazarin matsayinsa a cikin al'umma, ya yi wa mata waƙoƙi da dama, daga 'ya'yan sarauta kamar a waƙar Kilishi Jikar Dikko, zuwa fitattun mata na gari da masu sana'a kamar a waƙoƙin Indon Musawa da Hauwa Mai Tuwo. Waɗannan mata ba matsayinsu ɗaya ba, amma idan aka dubi tubalan da aka gina turken yabonsu da su, bisa hanyar nazarin da Gusau (1993) ya shimfiɗa, za a tarar kusan iri ɗaya ne: asali, da gari, da kyauta, da yawan jama'a.

Wannan tubali na ƙarshe shi ne ya fi dacewa da batun wannan takarda. Makaɗin jama'a ba ya yabon mutum shi kaɗai. Yakan jero iyayen gidansa da abokansa da garuruwan da aka san shi, har waƙar ta zama tamkar rajistar waɗanda ake hulɗa da su. Ga mace mai neman suna, wannan jeri shi ne jarinta. Duk babban mutumin da aka ambata kusa da sunanta ya ƙara mata daraja, shi ma kuma ya samu rabonsa na shahara, domin an nuna shi a matsayin mai jama'a. A filin biki ko ajo abin yakan fito ƙarara: ƙawaye sun yi anko, an shigo fili rukuni-rukuni, ana liƙi, sanƙira yana shelar abin da kowa ya bayar. Wannan fili shi ne dandalin da ake auna mace da abokan hulɗarta, makaɗi kuwa shi ne magatakardan zaman.

A ɓangaren mata, kiɗan amada ya ƙara wani abu da makaɗa maza ba su cika damuwa da shi ba. Hajiya Sa'adatu Barmani Coge ta Funtuwa (ta rasu a 2013) ta gina da yawa daga cikin waƙoƙinta a kan kira ga mata su riƙe sana'a, da yi wa macen da ta zauna jiran miji ba'a. A wurinta ado hujja ce ta ƙwazo. Macen da ta sa zinariya ta shigo fili ta nuna cewa tana da adashi, tana da jari, tana iya rama biki. Cooper (1997) ta ga irin wannan tunani a Maraɗi, inda kayan ɗaki da kyaututtukan biki suke zaman ma'aunin darajar mace a idon 'yan'uwanta mata.

Sai dai yabon makaɗi yana da iyaka, iyakarsa kuwa ita ce aljihun wadda ake yabo. Waƙar ba ta tambayar inda kuɗin ya fito, ba ta kuma bin macen zuwa gida bayan an tashi daga fili. Ba a jin bashin da ta ci domin ta fita kunyar anko, ko fargabar ranar da ƙuruciya za ta juya baya. Idan kyauta ta yanke, yabo yakan yanke, wani lokaci ma ya rikiɗe ya koma zambo. Saboda haka hoton da waƙar baka ta bayar na rabin jiki ne, fuskar da aka yi wa kwalliya kaɗai ake gani.

4.0 Rubutacciyar Waƙa: Mace a Matsayin Duniya

Idan aka juya ga rubutacciyar waƙa sai a tarar da kishiyar wannan hoto. Rubutacciyar waƙar Hausa ta girma ne a hannun malamai, kuma jigon wa'azi shi ne ƙashin bayanta tun ƙarni na 19. Hiskett (1975) ya nuna cewa ɗaya daga cikin manyan dabarun masu waƙoƙin wa'azi shi ne mutuntar da duniya, a siffanta ta da mace mai kwalliya wadda take yaudarar masoyanta ɗaya bayan ɗaya. Karin maganar nan da ke cewa duniya budurwar wawa daga wannan rijiya ta sha ruwa. Abin da ya faru a ƙarni na 20 shi ne an juya siffar. Da can ana cewa duniya kamar mace mai ado take, sai aka koma ana ɗaukar mace mai ado ita ce duniyar da kanta.

Waƙoƙi uku sun isa misali. Akwai waƙar Karuwa ta Mu'azu Haɗeja, da waƙar Uwar Mugu ta Hamisu Yadudu Funtuwa, dukkansu na shekarun 1950, sai kuma 'Yar Gagara ta Alhaji Aƙilu Aliyu, wadda take cikin Fasaha Aƙiliya (1977). Ta fuskar salo babu mai musun gwanintar waɗannan waƙoƙi, musamman ta Aƙilu, wadda ta tara sunaye da siffofi na zambo bisa ƙwarewar harshe da ba kasafai ake samun irinta ba. Amma ta fuskar jigo dukkansu hanya ɗaya suka bi. Macen da ke cikinsu ba ta da gari, ba ta da iyaye, ba ta da labarin yadda ta zo inda take. Ba a ba ta baki ta yi magana ba. Ita alama ce ta lalacewar zamani, kamar yadda giya da caca suke alamu a wasu waƙoƙin na wannan lokaci.

Ya kamata a tuna da yanayin da aka yi waɗannan waƙoƙi. Shekarun 1950 lokaci ne na bunƙasar birane da kuɗin gyaɗa da auduga da albashin En'e, lokaci ne kuma na siyasar jam'iyyu. Da yake matan aure suna cikin kulle, kuma matan Arewa ba su samu damar jefa ƙuri'a ba sai a shekarun 1970, jam'iyyun NEPU da NPC sun dogara ƙwarai da mata masu zaman kansu wajen cika taro da raye-raye da dafa abinci. Wato manyan gari suna buƙatar waɗannan mata da rana a filin taro, mawallafa kuma suna tsine musu a takarda. Waƙoƙin sun ambaci mazan da ake yaudara, amma a matsayin waɗanda aka cuta, wawaye da aka wawashe. Ba a nuna su a matsayin masu riƙe da ragamar cinikin ba, alhali kuwa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

5.0 Wasan Kwaikwayo da Ƙagaggen Labari

Wasan kwaikwayo da ƙagaggen labari sun fi waƙa sararin nuna mutum a cikin jama'arsa, don haka a nan ne ake sa ran ganin macen tare da manyan da take hulɗa da su. An ɗan samu haka a ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, lokacin da kuɗin man fetur ya haifar da sabon rukunin attajirai. A wasan Kulɓa Na Ɓarna (1979) na Umaru Ɗanjuma Katsina an nuna yadda Alhaji Ruwan Ido yake amfani da dukiya wajen janye 'yar makaranta daga turbarta. Sunan wasan kansa ya isa sharhi, domin an ciro shi ne daga karin maganar da ke cewa kulɓa na ɓarna ana cewa jaba ce. A nan an nuna yatsa sosai ga mai kuɗin. Haka kuma a Turmin Danya (1982) na Sulaiman Ibrahim Katsina an buɗe duniyar Alhaji Gabatari, ta fasa-ƙwauri da cin hanci da shagali. To amma a duka littattafan biyu namiji ne tsakiyar labari. Macen ko dai yarinya ce da aka yaudara, ko kuwa tana cikin kayan jin daɗin Alhaji, kamar motarsa da gidan saukar baƙinsa. Ba a kai ga macen da ta san abin da take yi, ta kuma zaɓi wannan rayuwa da idonta biyu ba.

Littafin da ya fi fito da matsalar fili shi ne Alhaki Kuykuyo Ne (1990) na Balaraba Ramat Yakubu, wanda Aliyu Kamal ya fassara zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne a Kano, yana da mata, Rabi, da 'ya'ya tara, amma ya fi son kashe kuɗinsa a waje. Ya auro Delu, macen da ta daɗe tana zaman kanta, rikici ya tashi, ya saki Rabi ya kore ta da 'ya'yanta. Rabi ta kama sana'ar sayar da abinci ta riƙe gidanta. 'Yarta Saudatu, mai kunya da tarbiyya, ta auri wani attajiri, Alhaji Abubakar. Daga baya gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu a kasuwa, zamansa da Delu ya watse, dangi kuma suka matsa wa Rabi ta koma gidansa.

Manazarta da dama sun karanta wannan littafi a matsayin kukan matar gida, kuma haka ne. Amma akwai wani abu a cikin tsarinsa da ya shafi wannan takarda kai tsaye. Marubuciyar ta raba ƙwalisa tsakanin mata biyu. Delu tana son tufafi da kuɗi da fita, aka hukunta ta. Saudatu ta samu tufafi da kuɗi da gidan alfarma fiye da abin da Delu ta taɓa mafarki, aka kira shi sakamakon haƙuri. Kayan iri ɗaya ne, daga hannun attajiri kuma duka suka fito. Bambancin kawai shi ne, ita Delu ta nema da kanta, ita kuwa Saudatu an kawo mata har gida ta ƙofar aure. Mai karatu yana samun damar ya more kallon dukiya ta wajen Saudatu ba tare da jin ya yi laifi ba, ya kuma huce haushinsa a kan Delu. Wannan tsari shi ne ya zama gadon da yawa daga cikin littattafan soyayya na shekarun 1990, waɗanda aka yi ta muhawara a kansu da sunan adabin kasuwar Kano tsakanin Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da wasunsu. A cikinsu akan shafe shafuka ana lissafin akwatunan lefe da motoci da tafiye-tafiye ƙasashen waje, muddin dai tauraruwar amarya ce ko mai shirin zama amarya.

Inda Balaraba ta yi wa sauran zarra shi ne a ƙarshen labarin. Alhaji Abdu ya rasa dukiya, amma bai rasa gida ba, domin al'umma ta tsaya ta mayar masa da matar da ya wulaƙanta. Delu kuwa ta fita daga labarin, babu wanda ya bi sawunta. Marubuciyar ba ta nuna komawar Rabi a matsayin abin murna ba, kuma a nan ne mai karatu mai lura zai gane cewa alhakin da ke cikin sunan littafin bai bi kowa daidai da aikinsa ba. Duk da haka, ko a nan ba a shiga zuciyar Delu ba. An gan ta ne ta idon kishiya.

6.0 Waiwaye ga Adabin Wasu Al'ummu

Hukunta irin wannan mace a ƙarshen labari ba Hausawa kaɗai suka san shi ba. A littafin Nana (1880) na Emile Zola na Faransa, tauraruwar ta tatse manyan Paris, daga bisani ta mutu da ciwon agana. A The House of Mirth (1905) na Edith Wharton ta Amurka, Lily Bart ta rayu a cikin attajiran New York ba tare da dukiyar kanta ba, ƙawayenta suka juya mata baya, ta mutu cikin talauci. Bambancin shi ne, Wharton ta ɗora nauyin mutuwar a kan abokan, ta nuna dalla-dalla yadda gayyata da tsegumi da bashi suke aiki a tsakaninsu, har mai karatu ya gane cewa da'irar ce take cin 'ya'yanta.

Misali mafi kusa shi ne Jagua Nana (1961) na Cyprian Ekwensi, marubucin da aka haifa a Minna, wanda kuma ya san ƙasar Hausa sosai. Jagua mace ce mai shekara 45 a Legas, an yi mata laƙabi da sunan motar nan ta alfarma, dandalinta kuwa gidan rawa ne mai suna Tropicana. Tana son saurayi malamin makaranta, Freddie, tana kuma tare da ɗan siyasa Uncle Taiwo, har takan hau dandamali ta yi masa yaƙin neman zaɓe a cikin matan kasuwa. Shi ma Ekwensi bai kuɓuta daga wa'azi ba, domin a ƙarshe ya mayar da ita ƙauye. Amma ya ba ta tsoron tsufa, da kishi, da kyauta, da burin zama babbar 'yar kasuwa a Anacha. Mai karatu yana iya ƙin halinta, amma ya san ta. Irin wannan sani ne ya yi ƙaranci a ɓangaren Hausa, duk da cewa kayan aikin suna nan: magajiya da 'yan siyasa, Hajiya da 'yan kwangila, makaɗi da sanƙira da masu liƙi.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa hoton mace 'yar gayu mai hulɗa da manya ya dogara ne da wanda yake ɗaukar nauyin adabin. Makaɗi yana cin abinci daga hannunta, sai ya yabe ta. Malami mawallafi yana neman gyaran al'umma, sai ya mayar da ita duniya. Marubucin labari yana da masu karatu da suke son kallon dukiya, suna kuma son a ba su darasi, sai ya raba ta biyu, ya ɗaura wa ɗaya aure, ya kori ɗayar. A duka ukun manyan mutanen da suke kewaye da ita sun tsira: a waƙar baka sunayensu ado ne, a rubutacciyar waƙa su ne abin tausayi, a ƙagaggen labari kuwa ko sun faɗi akwai mai ɗaga su.

Idan aka koma ga tambayar da aka buɗe takardar da ita, amsar ba ta da wuya. Bisa wannan gado, marubucin Hausa zai sami Gimbiyar da ta sauka gidan Mai Deribe a 1990 da sauƙin rubutawa, domin matar Yarima ce, adonta halal ne. Zai kuma sami bazawarar da ta rasu a Paris a 1997 da sauƙin rubutawa, domin ƙarshenta ya yi daidai da abin da waƙoƙin wa'azi suka saba faɗa. Wadda za ta gagare shi ita ce macen da ta riƙe hannun kuturu a Molai, ta kuma ci gaba da zama uwar ƙungiyar taimakon kutare har bayan mutuwar aurenta, saboda ita ce ta haɗa waɗancan biyun a jiki ɗaya, tsarin da aka gada kuwa bai tanadi gurbin mutum ɗaya mai fuska biyu ba.

Wannan gibi yana da muhimmanci ga masu nazari da masu koyarwa. Waƙoƙi da littattafan da aka ambata suna cikin waɗanda ake karantawa a sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi, kuma da yawa daga cikin masu karanta su mata ne. Idan malami ya tsaya ga fitar da jigon gargaɗi kawai, ya ce an nuna illar son duniya, to ya maimaita hukuncin marubuci ne, bai yi nazari ba. Aikin manazarci shi ne ya tambayi wanda aka ba baki da wanda aka hana, da wanda ya biya kuɗin shagalin, da kuma inda yake a lokacin da ake yanke hukunci. Akwai kuma aikin da yake jiran masu bincike, wato tattara tarihin matan da makaɗa suka wasa tun masu saninsu suna raye, kamar yadda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka yi wa Shata kansa a Shata Ikon Allah (2006). Ta haka ne za a san su wane ne waɗannan mata bayan an ajiye kalangu, a kuma samar wa marubuta abin da za su gina cikakkiyar tauraruwa da shi.